Yaro Na Magana Ta Hanci: Kunnen Gwani, Madubi, Nasometer Ko Kyamara?

An ɗinke wa yaro tsagar ganɗa tun yana ɗan shekara ɗaya, wurin ya warke, nono ya daina fitowa ta hanci, gida kowa ya yi hamdala. Sai ga shi ya kai shekara uku ko huɗu, in ya ce "Baba" a ji kamar "Mama", in ya ce "sisi" iska ta feso ta hanci. Kaka ta ce a ƙyale shi, baki ne bai gama buɗewa ba. Likita ya ce sai an auna. To a nan iyaye ke tsayawa cak, domin awon ba iri ɗaya ba ne: wani ya ce a kai shi a saurare shi, wani ya ce akwai na'urar da ke ba da lamba, wani ya ce sai an zura kyamara. Wannan rikicewar takan sami ma'aikatan ƙaramin asibiti ma, idan suka samu ɗan kuɗin sayen kayan aiki suna neman abin da za su fara da shi.

Ba ƙaramin lamari ba ne. Cikin yaran da aka yi wa aikin ganɗa, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan ci gaba da wannan matsalar bayan aikin farko. Akwai kuma waɗanda ba a taɓa ganin tsaga a bakinsu ba amma maganarsu ta hanci take fita.

Mene ne ake aunawa?

A can ƙarshen rufin baki, bayan ganɗa mai ƙashi, akwai hanɗa, wato naman nan mai laushi da beli ke rataye a jikinsa. Aikinta aikin ƙyaure ne. Idan mutum zai furta b, d, k, s da sauransu, sai ta ɗaga ta manne da bangon maƙogwaro ta rufe hanyar hanci, iska ta taru a baki. Idan zai furta m ko n, waɗanda malaman Hausa ke kira 'yan hanci, sai ta sauka.

Abu uku ke iya ɓaci, kuma mutane kan cakuɗa su duka su ce "yana magana ta hanci". Na farko, amon hanci ya yi yawa, musamman a kan wasula, saboda ƙyauren bai rufu ba. Na biyu, iska ta riƙa yoyo ta hanci a kan baƙaƙe masu buƙatar matsi, wani lokaci shiru, wani lokaci da ƙarar gurnani. Na uku kishiyar na farko ne: hanci ya toshe, sai "mama" ta koma "baba", kamar mai mura. Wannan na ukun sau da yawa tsiron naman bayan hanci ne ko mura mai naci, kuma maganinsa daban yake gaba ɗaya. Awon da bai iya raba waɗannan uku ba bai amfane ku ba.

Ma'aunan zaɓi

Kafin a kalli kowace hanya, ga abin da nake ganin ya kamata a tambaya. Wace tambaya take amsawa: akwai matsala, ko yaya girmanta, ko me ya jawo ta? Waɗannan tambayoyi uku ne daban-daban, kuma babu hanya ɗaya da ke amsa su duka da kyau. Sannan shekarun yaro da irin haɗin kan da ake buƙata daga gare shi. Sannan kuɗi, da ƙarkon kayan a ƙasar zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, da haɗarin da ke ciki. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi: da wane harshe za a auna yaron?

Kunnen gwani

Wannan ce tushe. Ƙwararren gyaran magana zai zauna da yaro, ya sa shi ya maimaita gaɓoɓi da kalmomi da gajerun jimloli, ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma, ya yi hira da shi, sannan ya ba amon hanci daraja: babu, kaɗan, matsakaici, mai tsanani. A Birtaniya an tsara wannan sauraro a ma'aunin CAPS-A da aka wallafa a 2006, inda ake ɗaukar muryar yaro masu sauraro fiye da ɗaya su ba da maki. Duk na'urorin da za mu ambata a ƙasa da kunnen irin waɗannan mutane aka gwada ingancinsu, ba akasin haka ba.

Abin da kunne ke yi wanda babu na'urar da ke yinsa shi ne raba matsalar jiki da matsalar koyo. Akwai yaron da hanɗarsa lafiya lau take, amma ya koyi fitar da s da sh ta hanci, sauran baƙaƙen duk daidai. Wannan koyarwa yake buƙata, wuƙa ba za ta yi masa komai ba. Akwai kuma wanda ƙyaurensa bai kai ba, ko shekara goma za a yi ana sa shi hura balan-balan da busa usur, nama ba zai ƙara tsawo ba. Ina ambaton wannan ne da gangan, domin har yau ana ɓata wa iyaye lokaci da hure-huren nan.

Ga inda harshe ya shigo. Yaron da iska ke gudu masa ta hanci yakan nemi dabara, ya riƙa tsayar da iskar a maƙogwaro, sai k da t da b su koma hamza. A Turanci wannan kuskure ne da ake ji nan take. A Hausa kuwa hamza baƙi ce mai zaman kanta, tana cikin "sa'a" da "jama'a", ga kuma ƙ da ts da ɓ da ɗ waɗanda dama da motsin maƙogwaro ake yin su. Mai sauraron da ba ya jin Hausa zai iya ɗaukar lafiyayyen ƙ a matsayin kuskure, ko kuskure ya wuce shi bai lura ba. Don haka in ƙwararren ba Bahaushe ba ne, a samu wanda ke jin harshen sosai ya zauna tare da su. Jimlolin gwaji ba su da wuyar haɗawa. "Kaka ta dafa tuwo" da "Baba ya sayo buhu" babu ɗan hanci ko ɗaya a cikinsu, don haka duk amon hancin da aka ji ƙari ne. "Mama na neman nono" kuma cike take da su, ita ke tona asirin toshewa.

Kuɗinsa kuɗin ganin ƙwararre ne kawai. Haɗari babu. Ana iya farawa tun yaro na shekara biyu da rabi zuwa uku, da zarar ya fara haɗa kalmomi. Rauninsa biyu ne: gwanaye biyu kan saɓa a kan "kaɗan" da "matsakaici", kuma gwanayen kansu ba su da yawa a ƙasashenmu, akasarinsu a manyan asibitocin koyarwa suke. Wayar hannu ta rage wannan nisan. Ɗaukar murya a ɗaki marar hayaniya, da jimloli iri ɗaya kowane wata shida, shaida ce mai daraja da za a iya tura wa ƙwararre ko'ina yake.

Madubi, tsinken shan lemo da toshe hanci

Waɗannan 'yan rakiyar kunne ne. A ɗora ƙaramin madubi mai sanyi ƙarƙashin hanci, yaro ya ce "ta-ta-ta" ko "si-si-si". In tururi ya bayyana, iska na yoyo. Tsohuwar dabara ce, madubin ƙarfe mai layuka da ake kira madubin Glatzel ya haura shekara ɗari ana amfani da shi. Sai dai a lura da yanayinmu: a watan Afrilu a Kano ko Damagaram madubin da ya sha zafin ɗaki ba zai yi tururi ba ko da iska na fita, sai a ce yaro lafiya. A tsoma shi a ruwan randa a goge tukuna. Kuma a janye shi kafin yaro ya yi numfashi, in ba haka ba numfashin za a auna.

Tsinken shan lemo mai lanƙwasa ya fi madubi a ganina: baki ɗaya a ƙofar hancin yaro, ɗayan kusa da kunnen mai gwaji, duk yoyon da ke akwai za a ji shi da ƙarfi, kuma a san a kan wane baƙi ya fito. Gwajin toshe hanci kuma shi ne yaro ya ja "a-i-a-i" hanci a buɗe, sannan a matse masa hanci ya sake. In muryar ta canja sosai, sauti na bi ta hanci.

Kusan kyauta ne, ba ya buƙatar wuta, ba ya lalacewa. Amma amsarsa "e" ko "a'a" ce kawai. Ba ya faɗin girman ramin da ya rage tsakanin hanɗa da bangon maƙogwaro, kuma ba a yanke shawarar tiyata da shi.

Nasometer

Wannan ita ce mai ba da lamba. Asalinta na'urar TONAR ce da Samuel Fletcher ya ƙirƙiro a Amurka a 1970, kamfanin Kay Elemetrics ya fito da ita kasuwa da sunan Nasometer a tsakiyar shekarun 1980. Akwai makamantanta irin NasalView, amma ita ce aka fi sani. Faranti ne da ake jinginawa a kan leɓen sama, da makirfo ɗaya a samansa yana ɗaukar sautin hanci, ɗaya a ƙasa yana ɗaukar na baki. Kwamfuta ta raba ƙarfin sautin hanci da jimillar na hanci da na baki, ta ninka da 100. In an samu 15, kashi 15 cikin ɗari na sautin ta hanci ya bi.

Alfanunta a fili yake. Ba ta shiga jiki, ba ta da zafi, minti kaɗan an gama, kuma lambar ba ta san gajiya ko son zuciya ba. Don kwatanta kafin tiyata da bayanta babu kamarta. Yaro kuma yana ganin layin na hawa da sauka a allo, wanda kan taimaka wajen koyarwa. Yara 'yan shekara uku zuwa huɗu sukan yarda, musamman da aka samu irin da ake riƙewa da hannu maimakon ɗaurawa a kai. Don ƙananan da ba su iya karatu ba, Ann Kummer ta asibitin yara na Cincinnati da abokin aikinta Ian MacKay sun tsara gwajin SNAP a 1994, aka sabunta shi a 2005, inda yaro ke maimaita gaɓoɓi irin "pa-pa-pa" da "si-si-si" ko ya faɗi sunan hoto.

Yanzu ga abin da masu sayarwa ba sa tsayawa a kansa. Lambar ba ta da ma'ana sai an gwada ta da lambar lafiyayyun yara masu magana da harshe ɗaya, suna faɗin jimloli iri ɗaya. A Turancin Amurka, nassin da babu ɗan hanci a cikinsa yakan ba da goma sha wani abu ga mai lafiya, jimloli masu cike da 'yan hanci kuma wajen 60, kuma wani bincike na 1991 ya sa iyaka a 32 don zargin yawan amon hanci. Waɗannan lambobin na Turanci ne. An ga suna sauyawa daga harshe zuwa harshe, har ma daga karin harshe zuwa wani, shi ya sa masu bincike a ƙasashe da dama suka zauna suka fitar da nasu. Ko wasali ma yana canja sakamako: i yakan ba da lamba sama da a a bakin yaro guda. Saboda haka sa yaron da Hausa kaɗai yake ji ya kwaikwayi jimlar Turanci sannan a duba jadawalin Amurka, wasa da lamba ne. Abin da ya fi aminci shi ne gaɓoɓi zalla, ko kuma a gwada yaro da kansa: lambarsa ta bara da ta bana a kan jimlolin Hausa iri ɗaya. Duk asibitin da ya saye ta, aikinsa na farko ya auna lafiyayyun yara masu yawa da jimlolin Hausa ya ajiye.

Akwai wani tarko kuma. Ƙaramin rami yakan sa iska ta yi gurnani mai ƙara a bayan hanci, makirfon sama ya ɗauka, lamba ta yi sama fiye da ta yaron da raminsa ya fi girma amma iskarsa ke fita shiru. Mura kuma tana danne lambar. Wanda bai saurari yaron ba, ya dubi takarda kawai, zai iya juya gaskiyar.

Farashinta dubban daloli ne, ga kwamfuta, ga daidaita makirfo da ake yi a kai a kai. Makirfo ba ya ƙaunar ƙurar hunturu ko yawun yara, kuma in wani ɓangare ya lalace daga waje za a yi odarsa. Ina ganin ta dace da cibiyar da ke ganin irin waɗannan yara kowane mako, ba wadda ke ganin biyu a wata ba.

Kyamarar hanci

Siririn bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa tsakanin milimita 2 zuwa 4, da fitila da kyamara a bakinsa. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro yakan fesa maganin kashe zafi a hanci, ya zura shi har ya leƙo hanɗa daga sama, yaro yana magana ana kallo. A nan ake ganin ramin da ido: girmansa, ko a tsakiya yake ko a gefe, ko hanɗa ce gajera, ko bangayen gefe ne ba sa motsi, ko tsiron bayan hanci ne yake taimaka wa rufewar.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan ɗakin bai kore shi ba, domin kyamara ba ta auna sauti ko kaɗan. Abin da take amsawa shi ne "me ya jawo", kuma wannan ce tambayar likitan tiyata. Ƙaramin rami da hanɗar da tsokarta ba ta zauna daidai ba yakan dace da sake ɗinkin ganɗa irin wanda ake kira aikin Furlow. Babban rami a tsakiya da bangayen gefe masu motsi yakan kai ga ɗauko nama daga bangon maƙogwaro a yi gada. In gefen ne ba ya aiki, akwai aikin tsuke mashigar. Zaɓen da ba daidai ba na iya barin yaro da munshari mai tsanani da yankewar numfashi cikin barci, don haka ba a son yin waɗannan ayyukan bisa zato. Akwai ma yara masu wata matsala ta ƙwayar halitta da ake kira 22q11, waɗanda manyan jijiyoyin jinin wuyansu kan matso kusa da bangon maƙogwaro, kuma wani lokaci kyamara kan nuna bugunsu.

Wahalarta haɗin kai. Dole yaro ya kasance a farke yana magana. Wanda aka danne yana ihu, hoton da aka ɗauka na kuka ne, ba na magana ba, an sha wahalar banza. Yawanci daga shekara huɗu zuwa biyar ake samun nasara, in an lallaɓa shi tun a gida, yana zaune a cinyar mahaifiyarsa. Haɗarin kaɗan ne: ɗan raɗaɗi, atishawa, wani lokaci ɗan haɓo. Kayan suna da tsada ƙwarai, bututun na karyewa in an lanƙwasa shi da ƙarfi, kuma dole a tsabtace shi da magani bayan kowane yaro. Sai dai akwai sauƙi ɗaya: sashen kunne da hanci na manyan asibitoci dama yana da shi don wasu ayyuka, don haka a aikace ya fi Nasometer sauƙin samu. A nemi a ɗauki bidiyon da sauti tare, kuma mai gyaran magana ya kasance a ɗakin.

Hoton eksire mai motsi

Ana ɗiga bariyom, wani ruwa mai bayyana a hoton eksire, a hanci ya lulluɓe naman, sannan a ɗauki bidiyon eksire daga gefe, daga gaba, wani lokaci daga ƙasa, yaro yana magana. Tun wajen 1970 ake yin sa da fuskoki da yawa. Ya fi kyamara nuna tsawon hanɗa da tsayin inda take taɓa bango, kuma yaron da ya ƙi bututu yakan yarda da shi. Amma akwai hasken eksire, ko da kaɗan ne, don haka ba a maimaita shi barkatai, kuma sai asibitin da ke da injin da ma'aikacin da ya saba da wannan gwajin musamman.

| Hanya | Abin da take nunawa | Shekaru | Kuɗi | Ƙarko | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kunnen gwani | Irin matsalar da tsananinta | Daga 2½ zuwa 3 | Kaɗan | Sai samun gwani | Babu |
| Madubi da tsinke | Ko iska na yoyo | Daga 2½ zuwa 3 | Kusan kyauta | Ba ya lalacewa | Babu |
| Nasometer | Lambar kwatance | Daga 3 zuwa 4 | Dubban daloli a saye | Tana son wuta da kulawa | Babu a jiki, akwai na mugun fassara |
| Kyamarar hanci | Girma da siffar rami | Daga 4 zuwa 5 | Mai tsada | Bututu mai saurin lalacewa | Raɗaɗi, ɗan haɓo |
| Eksire mai motsi | Tsawo da motsin hanɗa | Daga 3 zuwa 4 | Mai tsada | Sai babban asibiti | Hasken eksire |

Abu biyu kafin kowane awo

A duba kunnen yaron. Masu tsagar ganɗa mafi yawansu kan tara ruwa a bayan dodon kunne suna ƙanana, kuma wanda ba ya ji sosai ba zai furta daidai ba.

Sannan a faɗa wa likita in wanzami ya cire masa beli. Akwai tsagar da ke ɓoye ƙarƙashin fata, rufin baki ya yi kamar lafiya alhali tsokar ba ta haɗu ba, kuma babbar alamarta da ake gani da ido ita ce beli mai rabuwa biyu. In an yanke shi tun ranar suna, alamar ta tafi, dole likita ya lalubi gefen ƙashin ganɗa da yatsa ya nemi gurbi. In kuma askar ta haɗa da naman hanɗa, tabon kansa na iya hana rufewa. Irin wannan yaron ne kuma ake tsoron cire masa tsiron bayan hanci ba tare da bincike ba, domin wataƙila a jikin tsiron hanɗarsa ke jingina.

Wa ya kamata ya zaɓi me

In yaronku bai kai shekara uku ba, kunnen gwani da duba ji sun isa, sai ɗaukar murya a waya a ajiye. In yana magana kamar mai mura kullum, yana barci baki buɗe da munshari, ku fara da likitan hanci, ba da Nasometer ba. In iska na fita a kan s da sh kaɗai, ku nemi mai gyaran magana, ku ba shi 'yan watanni kafin a yi zancen wani gwaji. In amon hanci na kan kowace kalma kuma an fara maganar tiyata ta biyu, kada ku yarda sai an leƙa da kyamara, in yaron ya ƙi kuma a yi eksire mai motsi. In an riga an yi aikin kuna son sanin ko ya ci, a nan lambar Nasometer ke da amfani, muddin an auna shi kafin aikin da jimloli iri ɗaya, kuma aka jira kumburi ya sauka na wasu watanni.

Ga masu tunanin kuɗi, ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin aikin tsagar leɓe da ganɗa kyauta a asibitocin da take hulɗa da su a Nijeriya, a wasunsu har da koyar da magana, don haka ku tambayi inda aka yi wa yaron aikin farko ko suna cikin tsarin. A Nijar akwai asibitin yara na CURE a Yamai, wanda aka buɗe a 2010, yana yin irin wannan tiyata.

Ga ƙaramin asibiti mai kuɗin abu ɗaya tak, ni dai zan tura ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa ya koyi sauraro, in saya masa makirfo mai kyau da kwalin tsinken lemo, in kuma ƙulla hanyar tura yara zuwa sashen kunne da hanci mafi kusa da ke da kyamara.